Masu Ciwon Suga Da Amsar Bakin Ƙofa

Watana huɗu a Amurka na gane cewa Larabcin da nake taƙama da shi zai iya mayar da ni Haɗejiya hannu rabbana. Sunana Habiba. Na yi karatun aikin jinya shekara biyar a Sudan, har in na saki baki sai a rantse a can aka yanke mini cibiya. Saboda wannan Larabcin wata jami'a a yankin Washington ta ɗauke ni digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, da sharaɗi guda. Akwai binciken da zan riƙe: a auna yadda ciwon suga ya taɓa jin daɗin rayuwar masu jin Larabci da ke zaune a yankin, 'yan Sudan da Masar da Yaman da sauransu. Gurbin karatuna da bizata duk a wuyan binciken nan suke. In ya tsaya, zamana ya ƙare.

A Germantown na sauka, a ɗaki ɗaya cikin gidan Anti Rabi, mutuniyar Maraɗi, mijinta Malam Isuhu direban tasi ne. Ba su san ni ba, ban san su ba, wata ce kawai ta haɗa mu a waya. Amma ranar da na iso tuwon shinkafa na tarar a rufe da miyar kuka, na ci ina hawaye. Garin kuwa shiru kamar an yi mutuwa. Ka haɗu da maƙwabci a matakala ka gaishe shi, ya yi maka murmushin da bai kai ido ba ya wuce. Sau da yawa a jirgin ƙasan safe nakan juya fuskata ga taga don kada a ga ina kuka. Kewar Innata ta dame ni, kewar hayaniyar gidanmu ta dame ni, har faɗan ƙannena da nake tsana na yi marmarinsa.

Aikin a wani ƙaramin asibiti nake yinsa, can ƙetaren kogi a Virginia, inda Larabawa suke da yawa. An ba ni ɗaki mai tebur ɗaya da kujera biyu, da tarin takardun tambayoyi da aka rubuta da Larabci. Kowace tambaya amsarta daga ɗaya zuwa biyar ce, ɗaya wahala, biyar lafiya lau. Ciwon yana hana ka barci? Yana hana ka ziyara? Kana zama cikin damuwa? Mutum ya fito daga wurin likita, a turo mini shi, in karanta masa, in zana amsa. Minti ashirin an gama. Na ce a raina wannan ai shan ruwa ne.

Ashe ban san dawan garin ba. Duk wanda ya zauna, amsa ɗaya ce: Alhamdulillah. In ce to wace lamba zan zana? A ce biyar mana. Wata rana aka turo mini wani tsoho ɗan Yaman, yana dogara sanda, ciwon ya riga ya cinye masa ido ɗaya. Tambaya goma sha biyu na yi masa, biyar goma sha biyu ya ba ni. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, sai na ajiye biro.

"Baba, don girman Allah, ido ɗaya fa ya tafi!"

Ya dube ni da ɗayan ya ce, "Wannan yana nan, 'yata. Alhamdulillah." Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ƙara yarda ya shigo ɗakina ba. Labari kuma ya zaga cewa yarinyar nan ta Najeriya ba ta da ladabi, masu shigowa suka ragu.

Shugabata Farfesa Linda ce, likita ce ita ma, doguwa, mai furfura, ba ta da yawan dariya. Ta zube takardun a gabanta ta jujjuya, ta cire tabarau.

"Habiba, in har takardun nan gaskiya suka faɗa, mutanen nan sun fi ni lafiya. Ma'aunin da kowa ya hau ya nuna nauyi ɗaya ba ma'auni ba ne. Sannan ba su kai rabin yawan da muke so ba."

A wannan halin nake aka gayyaci su Anti Rabi suna a Mitchellville, suka tafi da ni. A nan na haɗu da Alhaji Tanko, ɗan uwanmu Bahaushe da ya daɗe a Jidda kafin ya zo Amurka. Babbar riga, turare kamar ya yi wanka da shi, Larabci zar. Da ya ji matsalata sai ya yi dariya.

"Haba ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Larabawan yankin nan a tafin hannuna suke. Ke yarinya ce, ba za su buɗe miki ciki ba. Kawo takardun in zaga da su."

Abin da yake so kawai wasiƙa ce daga jami'a mai nuna ya taimaka wa bincike, don yana neman aikin tafinta. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Sati biyu ya dawo mini da takardu cike fal, wani ya zaɓi biyu, wani huɗu, wani ɗaya, gwanin sha'awa. Na kai wa Farfesa ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Kwana uku ta kira ni. Ta jera takardun a tebur, ta nuna mini rubutun hannu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, an dai canza biro. Ta sa an buga lambobin wayar da ke jiki, rabinsu shagon sayar da nama ɗaya suke shiga. Mace ɗaya da aka ce ta amsa, iyalinta sun ce ta rasu tun bara. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

"Na yarda ba ke kika rubuta ba," in ji ta. "Amma ke kika miƙa takardun bincike ga wanda ba ya cikin aikin, wannan kaɗai ya isa a sallame ki. Na sanar da kwamitin jami'a, sun bar hukunci a hannuna. Kina da zuwa ƙarshen zangon nan. Kuma daga yau duk abin da kika kawo sai na tabbatar da idona."

Ban tafi gida ba, gidan Alhaji Tanko a Mitchellville na nufa. Na same shi yana wanke mota. Ko kunya babu ya ce, "To ai su ma in kin tambaye su ƙarya za su yi miki. Tawa ta fi tasu tsari." Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Na dai tuna na ce masa Allah ya isa, sau uku, har matarsa ta leƙo ta taga.

Kwana biyu ban fita daga ɗaki ba. A na ukun Anti Rabi ta turo ƙofa ba sallama.

"Tashi ɗiyata, kuka ba ya cika takarda. Saka mayafinki, dubiya za mu tahi Bowie."

Wani dattijo ne abokin Malam Isuhu, an sallamo shi daga asibiti. Muka same shi a falo an jingina shi da matasai, ya rame har wuyansa ya zama kamar na kaza. Anti Rabi ta ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Matarsa ta ce da sauƙi ƙwarai. Aka kawo fura muka sha, aka yi hirar damina a gida, aka yi ta 'ya'ya da suke jin Hausa amma su mayar maka da Turanci. Fiye da awa guda ba wanda ya ƙara ambaton ciwo. Da muka tashi matar ta rako mu. Sai da muka shiga mota, Anti Rabi ta tayar, sannan matar ta dafa tagar ta sunkuyo.

"Rabi, kwana uku ke nan ko kunu ba ya zama a cikinsa. Jiya ya kira ni ya faɗa mini inda takardun gida suke." Ta fashe da kuka.

Anti Rabi ta kashe mota ta fita ta riƙe ta, suka daɗe. Da muka kama hanya na ce, "Anti, me ya sa ba ta faɗa a ciki ba?"

Ta harare ni. "Ke da duk lakwal ɗin da kika yi, duk bokon nan? A gidanku ana hwaɗin gaskiyar ciwo a tsakiyar ɗaki? Gaisuwa daban, labari daban. Sai an zauna, an sha ruwanka, an rako ka. Ke kuma kin tsare bayin Allah a ɗakin asibiti da takarda da biro kamar 'yar haraji, kina so su zazzage miki cikinsu cikin minti ashirin. Ko ni ce biyar zan ba ki."

Muka hau babban titi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san wannan tun ina ƙarama, a Haɗejiya haka ne, a Sudan ma haka na gani. Zuwa Amurka ne ya sa na ajiye shi a gefe kamar tsohon zane.

Washegari na je wurin Farfesa da roƙo ɗaya. Kada a canza ko tambaya ɗaya, a canza wuri da lokaci kawai. In je gidan duk wanda ya amince, in zauna, in yi tambayoyin bayan an saba. Ta ce zai ci lokacin da ba ni da shi. Na ce lokacin nawa ne. Ta nemo mini izinin kwamiti, ba don ta gamsu ba.

Wadda ta fara amincewa Hajja Sakina ce, tsohuwa 'yar Sudan da ke zaune a hawa na shida a Alexandria, a gidan ɗanta. Shi da matarsa suna fita aiki tun safe, ita kaɗai take wuni. Takardarta ta asibiti biyar ce daga sama har ƙasa. Ta tarbe ni da turaren wuta, ta dafa gahawa a 'yar tukunyar ƙasa irin tasu, ta kawo dabino. Ina kallo ta zuba suga cokali biyu a kofinta. Bakina da ba ya jin magana ya riga ni.

"Hajja, suga!"

Ta ajiye cokalin a hankali. "Baƙuwa kika zo, ko likita?"

Na ba ta haƙuri, na sha gahawata, na tafi ban ciro takarda ba. A zuwa na biyu muka yi hirar Sudan, ta tambaye ni unguwar da na zauna, ashe ta san kasuwar da nake sayen kayan miya. Ta yi dariya har da riƙe ciki da ta ji yadda aka taɓa sayar mini da gishiri a matsayin kanwa. Da ta rako ni bakin lif, ƙofa ta buɗe, sai ta riƙe mayafina.

"Ya bitti," wato 'yata, "rabona da barcin kirki tun kafin azumi."

Na bar lif ɗin ya tafi. Muka tsaya a nan kusan rabin awa.

A zuwa na uku na ciro takardar. Ta kalle ta kamar maciji. Ta ce ita ba za ta kai ƙarar Ubangijinta wurin takarda ba, wanda ya ba ta shekara saba'in na lafiya ba za ta zana masa ɗaya ba don shekara shida na ciwo. Na ce, "Hajja, lambar nan ba ta Allah ba ce, ta ciwon ce. Ki fara da godiyarki, ni ma in taya ki, sannan ki faɗa wa masu magani inda yake miki zafi." Ta ɗaga hannu ta yi hamdala mai tsawo, na ce amin. Sannan ta ce karanta.

Abin da ya fito ya girgiza ni. Ta daina zuwa zaman gahawar da matan Sudan suke yi duk Alhamis, don in an miƙo maka kayan zaƙi ka ƙi ka ci fuskar mai gida, in ka ci kuma ka kwana a wahale. Sugan da ta zuba a gabana ma don kada in sha ni kaɗai ne. A banɗaki take yin allurarta in surukai sun zo, don kada a ce gidan masu ciwo ne alhali tana da jikoki mata. Azumin da ya wuce sau tara jiri ya sa ta karya a ɓoye, kowane da kuka. Takardarta ta biyu ɗaya da biyu ne suka cika ta.

Ita ce ta buɗe mini sauran ƙofofin, wannan ta kira waccan. Gidajen maza kuwa Malam Isuhu ne yake kai ni ranar hutunsa, ya zauna a falo ya sha shayi da su, ba ya jin Larabci sai na salla amma a haka ake hira. Har tsohon nan ɗan Yaman ya yafe mini. A bakin motarmu ya faɗa mini ba idon ne ya dame shi ba, abin da ke cinsa shi ne ba ya iya karanta Alƙur'aninsa da kansa. Na sha gahawa a wata biyun nan har hannuna yana rawa, na rame, amma takardu suka taru, kowace da kamanninta.

Saura sati biyu zango ya ƙare na kai su. Farfesa ta karanta ta ɗago.

"Sun yi kyau. Na Alhajinki ma sun yi kyau."

Maganar ta soke ni, amma da gaskiyarta. Ta ce ta ina za ta san ba ni na tura su su yi ƙorafi ba, ko ma ban zauna a ɗakina na zana ba? Za ta bi ni gida ɗaya ta gani. Ba zan ce komai ba sai fassara. Na kira Hajja Sakina, na ce babbar likitar da nake aiki a ƙarƙashinta tana son zuwa, ta ce marhaban.

Muna shiga na san na shiga uku. Hajja ta sha lafaya sabuwa, ta cika tebur da abinci kamar ana biki, gidan ya turnuƙe da turare. Baƙuwa sabuwa ta zo, Baturiya kuma, don haka komai ya koma farko. Farfesa ta tambayi barci, Alhamdulillah. Ziyara, Alhamdulillah. Damuwa, wace damuwa, ga ɗa ga jikoki? Ni kuwa ina ta fassarawa. Na so in ƙifta mata ido, na tuna alkawari, na haɗiye. Farfesa ta ci abinci sosai, ta yaba, ta sha gahawa kofi biyu, tana ta satar kallon agogo. Bayan awa biyu ta rufe littafinta, ta dube ni. A idonta na ga jirgin da zai mayar da ni Kano.

Muka miƙe. Hajja ta ce sai ta raka mu. Muna tafe a barandar tana jan ƙafa a hankali, ni kuma ina lissafin yadda zan faɗa wa Innata. Farfesa ta danna lif. Ƙofa ta buɗe, ta saka ƙafa ɗaya, sai Hajja ta kama hannun rigarta.

"Ce mata ta tsaya."

Ta jingina da bango, ta zare silifa, ta sunkuya da ƙyar ta cire safar ƙafar hagu. A ƙarƙashi akwai tsumma da aka naɗe da lalle. Da ta warware, warin ya riga komai isowa. Gyambo ne a tafin ƙafar, gefensa ya fara baƙi. Ni kaina ban san da shi ba.

Farfesa ta saki jakarta a ƙasa ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta tallabi ƙafar da hannu biyu. Wannan bai buƙaci tafinta ba.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

Sati uku, in ji Hajja. Ɗanta bai sani ba, yana da nasa nauyin. Ta je asibiti a tsakanin, likita ya ce yaya jiki yana kallon na'urarsa, ta amsa masa yadda ake amsawa, ya sabunta mata magani ta dawo.

"Hajja, ni me ya sa ba ki nuna mini ba?" Na faɗa ina kuka, haushi da tausayi sun cakuɗe mini.

"Ke yarinya ce, tsorata za ki yi. Kin ce wannan babbar likita ce. Ga shi kuma ta ci abincina."

A motar Farfesa muka kai ta asibiti a yammacin nan, aka kwantar da ita, aka kira ɗanta. Likitan da ya duba ya ce da an ƙara jinkiri da ba maganar wanki ake yi ba, maganar yankewa ake. Muna zaune a wurin jira, Farfesa tana goge tabarau. Can ta ce, "Shekara talatin ina tambayar marasa lafiya yaya jiki. Yau nake tunanin nawa ne suka tafi da amsar a cikin safa." Ta ciro takardar sabunta gurbina daga jaka, ashe tana tare da ita, ta ɗora a gwiwa ta sa hannu. Ta ce wasu ɗalibai biyu da za su shiga aikin za su biyo ni in koya musu yadda ake zama a gidan mutane.

Na kammala binciken a shekara ta gaba. Ya nuna abin da tsohuwar hanyar ta ɓoye, asibitin ma ya canza yadda yake tambayar mutanensa, aka ƙara duba ƙafa a kowane zuwa ko mutum ya ce lafiya lau. Ranar da na tsaya kare aikina a gaban malamai, na yi magana minti arba'in ban yi tuntuɓe ba, duk tambayar da aka jefo na cafe. Da shugaban zaman ya miƙe ya ce na ci, sai wata guɗa ta tsaga ɗakin daga baya, irin ta Sudan mai kaɗa harshe. Anti Rabi ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta kama hanci ta saki tamu. Turawa suka firgita, wani malami har ya zubar da ruwansa, Farfesa Linda kuwa ranar na fara ganin haƙoranta.

Hajja Sakina ta taso daga kujerar ƙarshe ta nufo ni, ta ture hannun ɗanta da ya miƙo zai riƙe ta. Ana miƙo mini takarda in sa hannu, ana kiran sunana ta ko'ina, ban ji ba. Ƙafafunta nake kallo, duka biyun a cikin takalmi, har ta iso ta rungume ni.